Wa ya cinye burtalin Tondikandiya?

Wanda ya baro Yamai ya kama hanyar Filinge, da zarar ya wuce Baleyara zai ga ƙasa ta sauya kama. Ga kwarin Dallol Boso shimfiɗe da gawo da goriba, ga jigayi suna hawa suna sauka, ga duwatsu ja masu shimfiɗaɗɗen kai sun tsaya kamar dogarai. Nan ce Tondikandiya, wadda Damana ke zaman hedkwatarta. Sunan ma da dutse ya soma, domin tondi dutse ne da Zabarmanci. Gaba kuma sai ƙasar Kurfai. Ga mai sha'awar gudu, Allah ya gama gina filin wasa a nan tun kafin a ƙirƙiro ma'aikatar wasanni.

Na sauka can wajen dangi bayan kaka, kuma da yake likita ya gargaɗe ni a kan hawan jini, kamar yadda yake gargaɗin rabin ma'aikatan bariki, sai na ɗaura takalmi da asuba na fita neman hanya. Babbar hanya ba ta mai ƙafa ba ce. Direban da ya ɗauko kayan kasuwa bai san da kai ba. Cikin kwarin kuwa rairayi ne, kafin ka yi kilomita biyu ya shanye maka gwiwa, ƙarangiya ta gama da safa. Daɗin yana can bisa, kan fako, inda ƙasa ke da ƙarfi, sabara da geza suka ba ka wuri. Amma yaya za a hau? Wani tsoho mai komawa gida daga masallaci ya tsai da ni ya ce: "Ɗana, lafiya? Wa ya koro ka?" Da na yi masa bayani sai ya yi dariya, ya nuna mini da sanda: "Bi sawun shanu, su suka san mahaya."

Gaskiyarsa. Burtali bai taɓa hawan tudu da ganganci ba. Yana zagaye kwazazzabo, yana bin gangare a hankali, yana ratsa bakin rijiya. Injiniyan da ya yi karatu a Faransa ba zai zana wadda ta fi shi ba. Na bi shi ina murna, sai ga shi yana tsukewa: karan hatsi dama, karan hatsi hagu, har abin da ya rage bai wuce faɗin jaki da mangala ba. Can gaba sai shingen ƙaya ya gitta shi baki ɗaya. Ni dai na juyo, asarata gumi kawai. To makiyayin da zai iso nan da shanu ɗari ana tsakiyar damina fa, ta ina zai juya?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Hanyar da mai gudu ke nema ita ce wadda mata ke bi zuwa rijiya, ita ɗan lakwal ke bi daga ƙauyensu, ita kuma garke ke bi zuwa arewa. In ta toshe, mai gudu ne na ƙarshe a jerin waɗanda za su yi kuka. Ba mu manta da Toda ba, cikin jihar Maraɗi, inda a shekarar 1991 rigimar gona da kiwo ta ci rayuka fiye da ɗari. Kuma ba doka muka rasa ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokar da ta kafa tushen tsarin mallakar ƙasar karkara, a 2010 aka ƙara da ta kiwo, aka kakkafa kwamitocin filaye daga gunduma har ƙauye. A takarda burtali dukiyar kowa ce. A ƙasa kuwa, ta wanda ya riga kai garma ce.

Ba na ɗora wa manomi laifi shi kaɗai. Iyali sun yawaita, gona ta gaji, wanda ya ga ƴaƴansa da yunwa zai ƙara kunya ɗaya bana, ya ƙara biyu baɗi. Laifin na masu hatimi ne da suka ga ana ci suka kau da kai, saboda manomi na da ƙuri'a a nan, makiyayi kuwa ranar zaɓe yana wani wuri.

Su ɗin ne dai, in kamfe ya zo, suke sauke ƙwallo biyu da riguna goma sha ɗaya a gaban samari, su ce sun raya wasanni. Babban filin wasan ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1989 yana ɗauke da sunan Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu, wato ɗan Tondikandiya. Yaro nawa daga Fandu ya taɓa sa ƙafa a kan layin tserensa? Nijar ta samo lambar Olamfik a dambe ta hannun Issaka Daboré a 1972, ta samo a taekwondo ta hannun Abdoul Razak Issoufou Alfaga a 2016. A gudu kuwa, Abdou Manzo ya wakilce mu a gudun famfalaki a 1988 da 1992 da 1996, kuma ba a ga rundunar da ta biyo bayansa ba. Alhali Bekoji, ƙaramin gari ne a Habasha, shi ya ba duniya Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, kuma a hanyoyin karkara suka fara. Na sani, su suna da tsaunuka masu tsayin fiye da mita 2,000, mu a Tondikandiya ba mu da su. Ban ce Damana za ta zama Bekoji ba. Na ce ba a san gwanin tsere ba sai an bar masa wurin gwadawa, kamar yadda kokowa ta sami gasarta ta ƙasa tun 1975 ta bunƙasa.

Za a ce mini: malam, jihar Tilaberi da ta sha fama da ƴan bindiga, kai kana zancen guje-guje? Ƙorafin yana da nauyi, kuma ba na shawartar kowa ya kutsa daji shi kaɗai. A gaida maigari tukuna, a tambaye shi inda ake zuwa da inda ba a zuwa, a fita cikin ayari, a dawo kafin rana ta yi zafi, a zaɓi lokacin ɗari daga Nuwamba zuwa Fabrairu sa'ad da gonaki ke sake. Amma rashin tsaro bai hana kowa noma burtali ba, don haka kada ya zama hujjar ƙin kare shi.

Abin da nake roƙon hukumomin Tondikandiya da Filinge bai kai kuɗin liyafar baƙo ɗaya daga Yamai ba. A zauna da sarakuna da ardo-ardo da kwamitin filaye, a bi burtalin da ƙafa, a kafa masa turakun siminti. Sannan a ware wani yanki kusa da gari, daga kwari zuwa kan fako a dawo, a rubuta kilomita a jikin turakun, a ba malaman lakwal su riƙa kai yara. Ƴan kasuwar Filinge da ke Yamai, waɗanda ba sa ƙyashin sayen rago don kokowa, buhun siminti ba zai gagare su ba. In an shirya ranar kafa turakun a aiko mini. Na san inda shingen ƙayar yake.