Tattaki a karkarar Liyon: hanyar da ta kai ni makwancin sojojinmu

A makon jiya na yi alƙawarin za mu ci gaba da maganar neman ɗakin haya ga sababbin ɗalibai, to ku yi mini uzuri, zan ɗaga ta zuwa mako mai zuwa. Wata tafiya na yi ranar Lahadi, kuma abin da na gani bai bar ni na rubuta wani abu dabam ba.

Shekarata huɗu a Liyon, amma in ka tambaye ni Faransa, abin da zan iya kwatanta maka shi ne ɗakina, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da makaranta, da wurin da nake ɗan aikin dare, sai kuma shagon mai naman halal. Na san da yawanmu haka muke. Muna ƙasar mutane, amma ko kilomita 10 ba mu taɓa taka wa da ƙafa a wajen birni ba. Wani abokina ɗan Garwa, wanda ya girme ni kuma ya riga ni zuwa, shi ya matsa mini. Na ce masa, "Yaya, mu da muka taso muna tafiyar ƙafa don dole, yanzu kuma sai mu biya kuɗin jirgi mu je mu wahalar da kanmu?" Ya yi dariya ya ce in dai shirya takalmi, akwai inda zai kai ni.

Da safe muka hau jirgin ƙasa daga Liyon, cikin kamar minti 20 muka sauka a tashar Saint-Germain-au-Mont-d'Or, a bakin kogin Saône. Daga nan tuddan da ake kira Monts d'Or suka fara. Ba wasu manyan duwatsu ba ne, mafi tsayinsu, wato Mont Verdun, ya ɗan haura mita 600 ne kawai, amma ga wanda ya saba da lif, hawan yana sa numfashi sama-sama. Gidajen ƙauyukan da dutse mai ruwan ƙwai aka gina su, wanda ake fasawa a yankin, in rana ta haska shi sai ka ce an shafa masa zuma. A cikin kurmin kuma muka yi ta cin karo da 'yan bukkoki na dutse zalla, ba siminti ba laka, an jera duwatsun ne kawai har suka haɗe a sama. Mutanen wurin suna ce musu caborne, manoman inabi da masu fasa dutse na da can ne suke fakewa a ciki.

Abu na farko da Yayan nawa ya koya mini shi ne karatun fenti. Hanyoyin tattaki a Faransa duk suna da alama a jikin itace, ko dutse, ko turken lantarki. Fari a sama ja a ƙasa, doguwar hanya ce da ake kira GR, wadda mutum zai yi kwanaki ko makonni a kanta. Ruwan ɗorawa da ja, hanya ce mai zagaye yanki guda. Ruwan ɗorawa kaɗai, gajeriya ce ta yini ɗaya ko ƙasa da haka. In layin ya lanƙwasa, kwana ce a gabanka. In ka ga an gicciya layukan biyu, ma'anarsa ba nan ba, koma. Tun 1947 aka fara wannan tsari, kuma akasari 'yan sa kai ne suke bi suna sabunta fentin. Ni da na ɗauki kaina ɗan gari, na wuce gaba ina surutu, na tsallake gicciyen ban gani ba, sai da muka tsinci kanmu a bakin shingen wata gona, kare yana ta haushi. Rabin awa muka ɓata. Tun daga nan na bar baki ya huta, ido ya yi aiki.

A ƙauyen Poleymieux muka tsaya gaban gidan da André-Marie Ampère ya taso. An haife shi a Liyon a 1775, ya rasu a 1836, kuma sunansa ne aka sa wa ma'aunin ƙarfin gudun lantarki. Duk mai gyaran wuta ko mai sayar da batir a Kano ko Maraɗi da ke cewa "amfiya nawa ne?" sunan mutumin wannan ƙauye yake kira. Yanzu gidan ya zama gidan tarihin lantarki. Muka sami gefen wata gona muka yi azahar, muka ci burodi da dafaffen ƙwai da dabino, sannan muka gangara ta ɗaya ɓangaren tudun.

A ƙasa, bayan ƙauyen Chasselay, a tsakiyar gonaki, sai na hango jan gini mai tsinaye a kusurwoyinsa, irin ginin ƙasa na Sahel. Na tsaya cak. Wallahi da ba don sanyin iskar ba, da na ce a wani gari na gida nake. Yaya ya ce, "Ƙanena, nan na kawo ka."

Sunan wurin Tata, kalmar Afirka ta Yamma ce da ke nufin ganuwa. Maƙabarta ce ta sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙin Hitila. Faransawa suna ce musu tirailleurs sénégalais, amma sunan ne kawai na Senegal. Rundunar daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka ta Yamma ake ɗibar ta, har da Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar na yau. A ranar 17 ga Yunin 1940 Marshal Pétain ya yi wa ƙasa jawabi cewa a daina faɗa, amma aka bar runduna ta 25 ta waɗannan sojoji da umarnin ta tare Jamusawa a arewacin Liyon. A ranakun 19 da 20 ga watan suka yi ta fafatawa a Chasselay da kewaye har harsashi ya ƙare, suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware fararen fursunoni gefe guda, suka kora baƙaƙen cikin wani fili, suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki, suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Kwana biyu bayan haka, a ranar 22 ga Yuni, aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta.

Mutanen ƙauyen ne suka binne gawarwakin. Daga baya wani jami'in kula da tsofaffin sojoji, Jean Marchiani, ya tsaya kai da fata har aka gina wannan wuri, aka buɗe shi a ranar 8 ga Nuwamban 1942. Sojojin Afirka ta Yamma 188 ne ke kwance a ciki. Na bi layi-layi ina karanta allunan. Wasu da suna, irin sunayen da ake kira a unguwanninmu, wasu da dama kuwa an rubuta inconnu kawai, wato ba a san ko wane ne ba. Na tuna wani tsoho a unguwarmu a Damagaram, mai saka tsohuwar rigar soja da lambobi a ƙirji duk ranar biki, muna yara muna binsa muna tsokana. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya gaya mana inda ya je da abin da ya gani. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa lada. Mun fi minti 10 ba wanda ya ce uffan.

Na san abin da ke hana da yawanmu fita karkara: tsoron kallo, da tunanin cewa wurin ba namu ba ne. Ba zan ce muku ba a kallo ba, an kalle mu. Amma yawancin waɗanda muka haɗu da su a hanya, tsofaffi da masu yara, sun riga mu cewa bonjour, don al'adar hanyar ke nan, kamar yadda ba ka wuce mutum a ƙauye ba sallama. Kuma bayan na tsaya a Tata, maganar "ba wurinmu ba ne" ta fita daga raina. Akwai jinin mutanenmu a wannan ƙasa tun kafin a haifi iyayenmu.

Ga mai niyya, ga 'yan shawarwari daga wanda ya ɗanɗana. Ka fara da hanya mai alamar ruwan ɗorawa, kada ka tafi kai kaɗai a karon farko. Ka sauke taswira a waya tun kana gida, don ba ko'ina ake samun sabis ba. Ka ɗauki guzurinka da ruwa isasshe, shagunan ƙauye sukan rufe da yammacin Lahadi, kuma abincin halal sai an dace. Takardar zamanka ta kasance a aljihu. Daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu lokacin farauta ne, ka sa riga mai haske, ka kula da allunan gargaɗi, kada ka saki hanya. Dogon wando ya fi, kuma in ka dawo ka duba jikinka saboda kaska, cizonta yana iya sa ciwo. Ka duba lokacin jirgi ko bas na ƙarshe kafin ka bar tasha, ranar Lahadi ba su da yawa. Lambar gaggawa 112 ce.

Mun koma Liyon bayan magariba, ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Duk shekara a watan Yuni ana taron tunawa da su a Tata, kuma mun yi niyyar zuwa a ƙungiyance, in Allah Ya kai mu. 'Yan'uwa na Liyon da kewaye da ke son shiga, ku aiko saƙo ta adireshin mujalla. Ku kuma da ke wasu ƙasashe, ku bincika kusa da ku ku ba mu labari. Sai mako mai zuwa, ga maganar ɗakin haya nan tafe.