Farashin da Ba Mai Sallamawa a Kansa

A watan azumin bara wata yayata, ma'aikaciyar jinya da ta shekara goma sha biyu tana biyan haya a Tudun Wada, ta turo mini hoton wani gida da ake tallansa a WhatsApp. A cikin birnin Zariya yake, a wani lungu kusa da Ƙofar Doka: zaure, ɗakuna biyar, rijiya, rabi ginin ƙasa rabi bulo. A ƙarƙashin hoton an rubuta naira miliyan 9, an ƙara da cewa masu shi a matse suke, wanda ya riga kawo kuɗi shi ne mai gida. Duk wanda ya san abin da kango ma yake kaiwa a wannan yanki ya san kuɗin ya yi kaɗan. Ita ma ta sani, shi ya sa cikin mako guda ta sayar da filinta na bayan gari, ta biya kuɗin ganin gida, ta ajiye kafin alƙalami.

Wata huɗu ana ce mata ana jiran babban wa ya dawo daga Legas. Sai daga baya ta gane gidan gado ne da ba a raba ba, magada goma sha ɗaya, kuma mutum ɗaya ne cikinsu ya taɓa magana da dillalin. An ɗauki tayinta an nuna wa wani mai nema, ya ƙara, an ɗauki nasa an nuna wa na uku. Gidan ya tashi a miliyan 16. An mayar mata da kafin alƙalaminta, da gaskiya, amma kuɗin da ke hannunta a yau ba zai sake saya mata filin da ta rabu da shi ba.

Miliyan 9 ɗin nan ƙarya ce tun ranar da aka rubuta ta, domin babu wani mahaluki da ke da ikon cewa "na sallama" a kanta. Ƙugiya ce aka sa wa tana.

Na san amsar dillalai, na sha jin ta a bakin shagunansu: ai ciniki ne, tayi da albarka al'adarmu ce tun kaka da kakanni. To bari mu duba al'adar. A kasuwar birni mai saye ne yake tayawa ƙasa, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har ciniki ya faɗa. Mai cewa albarka shi ne mai kaya, ko wakilin da ya ɗora wa amana, yana zaune a gabanka. In kuwa mai kaya ne ya fara yanka kuɗi, sama yake yankawa a rage. Ban taɓa jin an kai sa kara, mai shi ya ce dubu ɗari uku, ka zaro ka miƙa, ya ce a'a, dama na faɗa ne don jama'a su taru ba. Ranar da ya yi haka sarkin kasuwa zai ji labarinsa. Me ya sa abin da ba a yarda da shi a kan sa ba za a yarda da shi a kan gida, inda gumin mutum na shekara ashirin yake?

Wannan dabara ba a Zazzau aka ƙago ta ba. Bayan rushewar kasuwar gidaje a Amurka a 2008, miliyoyin mutane sun wayi gari bashin da banki ke bin su ya zarce darajar gidan da suka jinginar. Hanya ɗaya ta fita ita ce a sayar da gidan a kan abin da bai kai bashin ba, amma sai banki ya amince ya karɓi ragi. Sai wasu dillalan can suka riƙa maƙala wa irin waɗannan gidaje farashi mai rahusa da banki bai taɓa gani ba, don tayi ya yi yawa. Mai saye ya sa hannu, ya yi ta jira wata da watanni, a ƙarshe banki ya ce bai yarda ba ko ya yanka nasa kuɗin. Cikin gyaran da gwamnatin Obama ta kawo a 2010, a shirin da ake kira HAFA, akwai cewa mai bin bashi ya bayyana abin da zai karɓa tun kafin a sa gidan a kasuwa. Wato a fara tambayar mai iko, sannan a yi talla.

Abin takaici, mu da muka tashi a garin da ake karanta Risala da Muhtasar a zaure ba ma bukatar Amurka ta koya mana wannan. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da yin bayani a kan cinikin fuduli, wato wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, ba kuma a wakilta shi ba: cinikin a rataye yake sai mai abu ya zartar. Magaji ɗaya cikin goma sha ɗaya fuduli ne a kan kason mutum goma. In akwai marayu ƙanana a ciki, ba a taɓa rabonsu sai da waliyyi ko alƙali. Sannan ga shufa'a. Idan magaji ya sayar wa bare kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin karɓar kason a kan kuɗin da baren ya biya. Ku dubi inda wannan ya ajiye mai neman araha. In kuɗin ƙarya ne, ya yi asarar lokaci. In kuwa da gaske an karya farashin, wani ɗan'uwa zai iya zuwa ya ajiye masa kuɗinsa ya karɓi abinsu, kuma shari'a tana bayansa. Arahar, in ma akwai ta, ta 'yan gida ce.

Gidan da ke jingine a banki ma haka yake, sai dai mai sallamawar yana zaune a ofis a Kaduna ko Legas, takardun suna cikin akwatinsa. Ga kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ce ba a sayar da ƙasar birni ko jinginar da ita sai da amincewar gwamna. Tun a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta nuna cewa rashin wannan amincewa yana rusa jingina. Gidaje da yawa a cikin ganuwa ba su ma da takardar shaidar mallaka ta gwamnati da za a je KADGIS a bincika. Shaidarsu ita ce mai unguwa, da dattawan lungu, da takardar rabon gado ta kotu in an taɓa zuwa. Saboda haka a Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma, sanin wanda zai sallama shi ne rabin cinikin.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wannan harka ma ba mai saye ba ne. Lambar ƙaryar nan wuƙa ce mai kaifi biyu. Idan masu tayi suka taru, an yi amfani da su an ɗaga kuɗi, kamar najashin da addini ya hana, illa dai su ba su san aikin da aka sa su ba. Idan ba su taru ba, sai a koma wa magada da wayar a hannu: kun ga, wata biyu yana kasuwa a miliyan 9, ba wanda ya wuce goma, gara ku sallama kafin damina ta kayar da katangar baya. Su wa ake faɗa wa haka? Tsohuwar da ta fita takaba, da 'ya'ya mata da ke aure a Giwa ko Soba, waɗanda ba su taɓa ganin tallan ba. Tumunin takaba a miliyan 16 miliyan 2 ne. A miliyan 9 kuwa, miliyan ɗaya da dubu 125. Bambancin nan shi ne ɗakin da za ta ƙarasa rayuwarta a ciki. Wani lokaci kuma mai sayen da ya bayyana a ƙarshe, mai "taimako", mutumin dillalin ne.

Mu ma 'yan boko masu albashi kada mu wanke hannunmu. Mu ne muke tura tallan nan daga zauren tsofaffin ɗalibai zuwa na ofis. Mu ne idonmu ke buɗewa in muka ga an rubuta "a matse suke", alhali mun san ma'anarta: wani gida ne ya yi rashi, ko bashi ya ci shi. Dillali ya karanci kwaɗayinmu ne ya yanka lambar daidai da shi.

Ba sabuwar doka nake nema ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta riga ta haramta talla mai yaudara, kuma kafin ita akwai fiƙihu. Abin da nake nema a hannun shugabannin dillalai da masu unguwannin birni ƙarami ne: duk tallan gida ya faɗi ko na gado ne, ko an raba, ko yana jingine, da kuma wanda ya yanka kuɗin da aka rubuta. Kada mai unguwa ya sa hannu a takardar cinikin da ba a tara magada a kansa ba. Dillali na gari, kuma akwai su da yawa, ba abin da wannan zai rage masa a la'adarsa.

Yayata ta sabunta hayarta a Tudun Wada. Makon jiya an sake turo mata wani, a bayan Babban Dodo, miliyan 8. Ta kira lambar ta ce a haɗa ta da wanda zai sallama. Aka ce mata yana Umara.