Jan reshen Ingila da lallen Fagge

Shekarun baya, muna haya a wani gida da ke bayan Titin Ibrahim Taiwo ta ɓangaren Fagge, na ƙwallafa raina a kan wata shuka da na gani a hoto. Turawa na ce mata dogwood. A Ingila don rassanta ake shuka ta: idan sanyi ya kakkaɓe ganyen, sai su fito jajur kamar an tsoma su a galura. Da wani ɗan'uwana zai dawo daga can a watan Janairu, na roƙe shi ya riƙo mini rassa uku.

Na kai wa wani dattijo mai sayar da fulawa a bakin titi don ya zuba mini ƙasa. Ya jujjuya reshen, ya kankare ɓawon da farce, ya ce, "Ɗana, wannan 'yar sanyi ce, ba za ta ga damina ba."

Na ce, "Baba, in dai ruwa ne, ba za ta rasa ba."

Ba ta rasa ɗin ba kuwa. Jarka guda nake ware mata daga kurar mai garuwa, na haɗa yashi da kashin awaki, na ajiye tukunyar a inuwar zaure. Biyu suka yi toho, 'yan ganye masu laushi da nake dubawa bayan kowace sallar asuba. Da Afrilu ya kama, zafi ya haura maki 40, bakin ganyen ya fara ƙonewa, saiwar ta ruɓe a ƙasar da na jiƙe fiye da kima. Kafin ruwan farko sun zama karan tsintsiya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da na koma, dattijon bai ce mini ai na faɗa maka ba. Reshen lalle ya yanko, tsawon kamu ɗaya, ya ce in kafa shi jikin katanga idan ruwa ya sauka. Baƙunta, in ji shi, ba ita ce matsalar ba, don darbejiya ma daga Indiya ta zo, amma can ma ta saba da rana.

Lallen nan ya kama. Ya wuce hunturu da bazara da ruwan alwala kawai, ya yi farin fure ƙanana masu ƙamshin da ke cika tsakar gida bayan magariba. Matan maƙwabta suka riƙa aiko yara neman ganye in biki ya taso.

Mun tashi daga gidan tuni. Bara na bi ta layin, na hango lallen ya zarce katanga.