Kyamarar tsaro a sabon gida: aikin da ya kamata a gama kafin a yi yaɓe

A sababbin unguwannin da ke tasowa a gefen Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena, akwai wani abu da ido ya fara sabawa da shi. Gida ne sabo fil, fenti bai gama bushewa ba, amma ga wata baƙar waya ta taso daga saman ƙofar shiga, an danne ta da ƙananan ƙusoshi a jikin katanga, ta bi ta taga ta shige falo. Kyamarar tsaro ce aka tuna da ita bayan an sallami magina. Wayar da ke fili irin wannan, almakashin tela ya ishe ta.

Dalilan da suka sa jama'a ke neman kyamara ba ɓoyayyu ba ne. Shekaru ke nan ana fama da masu garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa a jihohin Adamawa da Arewa na Kamaru, da kuma yankin Mayo-Kebbi na Chadi, kuma 'yan kasuwa da masu dabbobi na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ga ɓarayin babura, ga masu fasa shaguna. Sannan Hausawa da yawa na waɗannan ƙasashe fatake ne: mutum yana Duwala ko Kwatano ko Dubai, iyalinsa na Garwa, yana so ya buɗe wayar hannunsa ya ga ƙofar gidansa. Gwamnatoci ma sun nuna hanya. A shekarar 2019 rundunar 'yan sandan Kamaru ta buɗe babbar cibiyar sa ido ta kyamarori a Yawunde tare da kamfanin Huawei. Kayan Hikvision da Dahua na ƙasar Sin kuma sun cika kasuwa a farashin da matsakaicin ɗan kasuwa zai iya ɗauka.

Sai dai yawanci ana fara lissafin ne daga ƙarshe. Mai gida yana tambayar wace kyamara ce ta fi kyau, alhali ita kyamarar ce abu mafi sauƙin canzawa a cikin tsarin duka. Ƙusoshi uku ko huɗu ne ke riƙe da ita, bayan 'yan shekaru za a sauke ta a ɗora sabuwa. Abin da ba ya canzuwa cikin sauƙi shi ne hanyar da waya za ta bi a cikin bango, da ɗakin da duk wayoyin za su haɗu, da wutar da za ta ciyar da su. Waɗannan kuwa ana yanke shawararsu ne tun bulo yana tsirara, a daidai lokacin da mai aikin wuta ke sassaƙa bango yana binne tiyonsa.

Masu sayarwa kan kawar da wannan magana da cewa akwai kyamarori marasa waya. Akwai su, kuma suna da amfani ga ɗan haya da ba shi da ikon fasa bango. Amma sunan yana da yaudara: yawancinsu suna buƙatar wayar wuta, hoton ne kawai ke tafiya ta iska, kuma bangon bulo da rufin kankare mai rodi suna raunana shi sosai. Da yawa daga cikin masu araha kuma sun dogara ne da intanet don ajiye abin da suka ɗauka ko don a iya kallonsa. A wannan yanki kuwa intanet ba abin jingina ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta rikice a ƙasashe irin su Ghana, Benin da Kwaddibuwa na tsawon kwanaki. A 2017 an katse intanet a yankunan Kamaru masu amfani da Ingilishi na kusan wata uku. Ko ba a kai ga haka ba, kuɗin intanet ɗin da kyamara za ta ci tana tura hoto dare da rana ya isa ya sa mai gida ya kashe ta da kansa.

Tsarin da ya fi dacewa da gidan da ake ginawa shi ne wanda ake kira PoE, inda waya guda, irin ta haɗa kwamfutoci, ke kai wa kyamara wuta kuma ta dawo da hoto. Kowace kyamara tana da wayarta ita kaɗai, daga inda take har zuwa akwatin naɗar hoto, wanda masu sana'ar ke kira NVR, ba tare da ƙulli ko haɗi a tsakani ba. Ba a buƙatar soket a saman katanga. Iyakar wannan waya mita 100 ce, wadda ta wadatar da yawancin filayen gida, amma mai gidan gona ko babban fili dole ya auna, ya kuma tuna cewa waya ba ta tafiya a miƙe: tana hawa, tana sauka, tana zagaye ɗaki.

A nan ne tiyo ya fi waya muhimmanci. Tiyon roba mai faɗin milimita 25 da aka binne a bango, aka bar igiyar ja a cikinsa, zai ba da damar zare tsohuwar waya a zura sabuwa bayan shekara goma ba tare da an taɓa siminti ba. Wayar da aka binne kai tsaye a cikin yaɓe kuwa, ranar da ta lalace sai guduma. Kada a cusa ta a tiyo ɗaya da wayar wutar gida, kada kuma a yi mata lanƙwasa mai kaifi. Wadda za ta ratsa tsakar gida zuwa ƙofar waje tana buƙatar tiyo mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, saboda ruwan damina da ɓeraye da kuma fartanyar wanda zai zo dasa bishiya wata rana. Tunda tiyo ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin gini, hikima ita ce a kai shi kowace kusurwa, ko da yau kyamara huɗu kaɗai aljihu zai iya ɗauka, a rufe bakin sauran da murfi.

Wayar kanta akwai cuta a cikinta. Ana sayar da ita a kwali mai mita 305, an rubuta Cat6 a jiki, amma wasu ba jan ƙarfe zalla ba ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta yadda ya kamata, tana zafi, tana kuma karyewa a bakin haɗi. Alamarta ita ce kyamarar da ke aiki lafiya da rana amma ta riƙa mutuwa da dare, lokacin da fitilunta na gani cikin duhu suka kunnu suka ƙara jan wuta. Gwajin ba shi da wuya: a feƙe zare ɗaya a kankare shi da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki, a mayar wa mai shago kayansa.

Sai batun wuta, wanda a arewacin Kamaru da Chadi shi ne ke yanke hukunci. Jihohin arewa uku na Kamaru sun daɗe suna dogara da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwanta ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage zafin abin, ba su kawar da shi ba. A Chadi kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun lantarki. Ɓarawo ma ya san lokacin da unguwa ke duhu.

Amfanin PoE a nan shi ne duk kyamarorin suna shan wuta daga wuri guda, don haka batir ɗaya a gefen akwatin naɗa zai riƙe tsarin baki ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne. Kyamarori takwas da akwatinsu za su ja kamar wat 70 zuwa 80 da dare. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, amma irin na gargajiya rabinsa kawai ake iya sha in ana so ya yi ƙarko. Ke nan awa bakwai da rabi zuwa takwas da rabi zai yi, ba zai kai asuba ba idan aka ɗauke wuta tun magariba. Wanda ya san haka tun ana gini zai ja tiyo daga rufi zuwa wannan ɗaki don faifan hasken rana. Haka nan faifan ajiya: kyamara ɗaya mai tura megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 43 a rana, takwas za su cika faifai mai terabait 4 cikin kwana goma sha ɗaya zuwa sha biyu, sannan sabon hoto ya fara goge tsoho. Ga ɗan kasuwar da ke yin wata guda a hanya, wannan ba ƙaramin bayani ba ne.

Inda ake ajiye akwatin ma abin dubawa ne. Galibi a ƙarƙashin talabijin na falo yake zama, wato wuri na farko da ɓarawo zai nufa, ya ɗauke talabijin ya haɗa da shaidar da za ta tona shi. Ya fi kyau a ware masa wani lungu da ba a gani, mai makulli, mai shan iska, domin zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu suna kashe faifai da wuri.

Akwai kuma tambayar da masu gida ke jin nauyin yi: wa ke riƙe da kalmar sirri? Yaron da ya haɗa kyamarorin sau da yawa da wayarsa yake buɗe asusun, ya tafi da shi, yana iya leƙa gidan duk lokacin da ya ga dama. Wasu kuma ba a taɓa canza kalmar da suka zo da ita daga masana'anta ba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarori da akwatunan naɗa ne, ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin kawai, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. A ranar miƙa aiki, kafin a biya cikon kuɗi, mai gida ya zauna ya sauya kalmar da hannunsa, asusun kuma ya koma kan lambarsa.

Abin da ya fi ɗaukar zafi a unguwannin Hausawa, duk da haka, shi ne inda idon kyamarar ke kallo. Tsarin gidan Bahaushe an gina shi ne a kan sutura: zaure yana tare baƙo, katanga tana tare ido, tsakar gida wurin mata ne da ba kowa ke gani ba. Kyamarar da aka kafa a kan bene tana iya rushe wannan duka cikin yini ɗaya, ta kalli maƙwabciya tana wanki ko tana fitowa daga wanka, hoton kuma ya zauna a faifan wani, ko ya isa wayar wani a wata ƙasa. A unguwanni masu cunkoso irin su Briqueterie ta Yawunde ko zangon Kwatano, inda rufi ke taɓa rufi kuma maƙwabci ba lallai ne Bahaushe ba, rigimar da za ta taso daga nan ba za ta tsaya tsakanin gida biyu ba. A cikin gidan kansa ma, kyamarar da ke kallon tsakar gida tana iya zama abin sa wa matan gida da 'yan aiki ido da sunan tsaro, kuma ya kamata a tambaye su kafin a kafa ta.

Doka ta fara biyo wannan hanya. Chadi na da dokar kare bayanan mutum tun 2015, Benin ta saka nata tanadin a cikin kundin dokokin fasahar zamani, Kamaru kuma ta kafa tata a watan Disamba 2024. Hoton fuskar da za a iya gane mai ita yana cikin bayanan da irin waɗannan dokoki ke karewa. Sun ɗauko da yawa daga tsarin Turai, inda kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2014, a shari'ar wani mutumin ƙasar Cek, cewa kyamarar gida da ke ɗaukar titin jama'a ta fita daga sahun harkar gida zalla. A Faransa ƙa'idar ita ce mutum ya ɗauki cikin harabarsa kawai.

Wannan ma magana ce ta lokacin gini, domin inda bakin tiyo ya fito nan kyamara za ta zauna. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku ya isa ya hana hannu kaiwa, ya kuma ba da damar ganin fuska. Wadda aka kai can ƙarƙashin rufin bene hula da rawani kawai take ɗauka, sai kuma gidajen mutane. A guji sa ta tana fuskantar fitowar rana ko faɗuwarta kai tsaye, ko fitilar ƙofa, don haske yana makantar da ita. Yawancin akwatunan naɗa suna da hanyar rufe wani sashe na hoto da baƙi, ta yadda tagar maƙwabci ba za ta shiga faifai ba. Mai gidan da ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa allon da idonsa, ya ga iyakar abin da kyamarar ke gani, ya sami mutum na biyu da zai zo neman hoton ranar da aka sace babur a layin.