Zauren 'Yan Mata: Farin Da Ya Ƙi Barin Bakin Jaririya

 Wannan watan ku yi mini haƙuri, na ajiye zancen samari da lefe a gefe, saboda akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. Mai maganar da kanta ta ce in faɗa muku, sharaɗinta ɗaya ne, in sakaya sunanta.

Ƙawata ce tun muna aji ɗaya a sakandare. Muna gama jarrabawar fita aka ɗaura mata aure da wani bawan Allah mai rufin asiri, wanda matarsa ta fari ta rasu bayan doguwar jinya. Ba wanda ya tambayi irin jinyar, an ce kwana ne ya ƙare, shi ke nan. Shekara na zagayowa ta haifi 'yarta mace a gida, tubarkalla, muka sha suna.

Yarinya na da wata huɗu sai ga wani farin abu a harshenta da cikin kumatunta, kamar guntun kindirmo. Kakarta ta ce nono ne ya kwanta, ta naɗe tsumma a yatsa ta dirje shi, sai ga ƙasan wurin ja wur, har da ɗan jini. Aka sayo shuɗin maganin nan a kemis aka shafa, ya lafa, bayan sati biyu ya dawo. Sau uku ana haka. Yarinya ta kama nono ta saki tana tsala ihu, ta fara ramewa, matsematsinta ya yi ja ya saluɓe. Masu cewa haƙori ne na faɗa, masu cewa baki ne na faɗa.

Ranar da suka je asibiti, nas ɗin ta leƙa bakin yarinyar, ta dubi uwar ta ce, "Ƙanwata, da kina da ciki an gwada jininki?" Ƙawata ta sunkuyar da kai, don ko sau ɗaya ba ta je awo ba. Aka gwada ta, aka ɗebi jinin yarinyar aka aika, daga baya maigidan ma ya zo. Su ukun duk suna ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, wato ƙanjamau.

To, mene ne haɗin farin baki da wannan cuta? Farin nan wata ƙwayar cuta ce dangin fumfunar da ke fitowa a jikin burodi in ya kwana biyu, likitoci na kiranta kandida. Mutane da yawa na da ita a baki da hanji, garkuwar jiki ce ke danne ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In garkuwa ta karye, sai ta yaɗu, ta cika baki, wani lokaci ta gangara maƙogwaro har haɗiye ya gagara. Dangin nata suna da yawa. Akwai mai kawo makero da ƙora, wanda a jikin irin waɗannan yara yakan mamaye kai ya ƙi jin magani da wuri. Akwai mai kama huhun jarirai, galibi 'yan wata 3 zuwa 6, yaro ya riƙa numfashi sama-sama da busasshen tari, kuma wannan yana kisa. Akwai kuma mai shiga kai ya kawo wani irin sanƙarau, shi ya fi kama manya da yaran da suka tasa.

Amma ku tsaya, kada wata ta ɗauki maganata ta je tana nuna ɗan maƙwabta da baki. Jarirai lafiyayyu da yawa suna yin farin baki a makonninsu na farko, a ba su maganin ɗigawa ya wuce. Makero kuwa wace makarantar firamare ce babu shi? Abin lura shi ne farin da ya ƙi tafiya bayan jariri ya wuce sati shida, ko mai tafiya yana dawowa, ga rama, ga gudawa ko zazzaɓi. Ido ba ya gane wannan cuta, gwaji ne kawai. Jariri kuma gwajinsa daban ne, ana iya yi masa tun yana sati shida, domin gwajin manya ba ya ba da tabbas sai yaro ya kai wata 18.

Yanzu bari in faɗi laifina. Da ƙawata ta gaya mini, na yi kuka tare da ita, amma da ta miƙo mini yarinyar wallahi sai na ji hannuna ya yi nauyi, na ce lalle ne a hannuna bai bushe ba. Ta gane, ba ta ce komai ba, ta goya 'yarta. Wata biyu ban taka gidan ba. Ni da nake rubuta littattafai a kan amana! Sai da wata yayata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta ce, "Ke, ɗaukar yaro, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko cizon sauro, ba ɗayansu da ke sa wannan cuta." Na koma na roƙi gafara, ta ce ai kunyata ce ta fi ciwon yi mata zafi. Har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Alhamdu lillahi, an ɗora su a kan maganin da ke danne ƙwayar cutar, wanda kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, aka haɗa wa yarinyar da Septrin don tsare huhunta. Farin baki ya tafi bai dawo ba. Bana ta shiga makaranta, in kin gan ta da ɗan hijabinta sai kin so ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariran da aka haifa da cutar, in ba a ba su magani ba, rabinsu ba sa wuce shekara 2. Ta kuma ce in uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100 daga 15 zuwa 45 za su ɗauka, in tana sha kuwa ba sa kai 5. Ƙanen yarinyar nan da aka haifa bayan uwar ta fara magani, lafiyarsa ƙalau, ba ya ɗauke da komai.

Don haka 'yan mata, in an zo maganar aure a yi gwaji, ku da shi. A Jihar Kano ma tun 2024 doka ce. Wanda ya ce gwaji rashin yarda ne, ki ce masa rigakafi ya fi magani. In Allah ya kawo rabo, a je awo. Ku da kuke goyon ƙanne kuma, in kun ga farin nan ya ƙi tafiya, kada a dirje, ku ce wa Umma a je asibiti. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ina jiran wasiƙunku.

Taku har kullum.