Tsofaffin Finafinai Marasa Launi da Gwanintar Tsoratarwa

Akwai wani irin mai kallo da ba a cika kula da ra'ayinsa ba, watau wanda bai karanci ilmin fim ba, amma da zarar ya ci karo da tsohon fim na baƙi da fari, irin mai sa faɗuwar gaba, sai ya kasa tashi. Abokansa kan yi masa ba'a, su ce kayan kakanni yake kallo. Alhali kuwa ya fi su gaskiya.

Masu shirya waɗannan finafinai sun gane cewa abin da aka ɓoye ya fi abin da aka nuna ban tsoro. A ɗauki fim ɗin nan mai suna M, wanda Fritz Lang ya shirya a Jamus a 1931. Labarin wani mai kisan yara ne, amma ko kaɗan ba a nuna kisan ba. Uwa tana ta ƙwala kira, ga mazaunin 'yarta a teburin abinci babu kowa. Sa'an nan aka ga ƙwallon yarinyar ta gangaro cikin ciyawa, balan-balan ɗinta kuma ya maƙale a wayar tangarahu. Shi ke nan. Mai kallo ne ke ƙarasa sauran a zuciyarsa. Daga bisani ma wani makaho ne ya gane mai laifin, ta hanyar fiton da yake yi.

Haka kuma The Third Man na Carol Reed, wanda ya fito a 1949. A birnin Biyana bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an ɗauka Harry Lime, mai sayar da gurɓataccen maganin penisilin, ya mutu. Sai da aka wuce rabin fim, wata mata ta kunna fitila a tagarta cikin dare, haske ya faɗa kan fuskarsa a bakin wata ƙofa, yana murmushi. Duhun da ya kewaye fuskar nan shi ne ya ba ta kwarjini.

Wani zai ce ai rashin launi tilas ce ta zamani. Ba kullum ba. Alfred Hitchcock ya yi Vertigo da launi a 1958, amma ya koma baƙi da fari a Psycho a 1960, ko da yake rage kashe kuɗi yana cikin dalilansa. Jinin da ke kwarara a wurin wanka a fim ɗin, ruwan cakulan ne!

Ba a ce ba su da aibu ba. Wasu suna da jan jiki, 'yan wasansu kuma kan yi magana kamar suna kan dandamali. Amma rashin launi ba ya cikin aibun. Shi ya sa da aka shafa wa The Maltese Falcon na 1941 launi da kwamfuta a Amurka a 1986, mai shirya shi, John Huston, ya fito fili ya yi tir da aikin, yana tsoho, ga rashin lafiya.