Zumunci da Littafi a Suleja

Ma'aikacin da ke kwana a Suleja yana aiki a Abuja yakan fita kafin gari ya waye, ya sha cunkoson Madalla da Zuba, ya dawo bayan Magariba, sannan Asabar da Lahadi su tafi a ɗaurin aure da suna da gaisuwar ta'aziyya, waɗanda babu mai mutunci da zai ƙaurace musu domin kawai yana tsakiyar wani littafi. Saboda haka ake yawan ɗora wa zumunci laifin mutuwar karatu, alhali zargin bai tsaya da ƙafafunsa ba. A al'adar malaman ƙasar Hausa karatu bai taɓa zama aikin kaɗaici ba, domin karatun zaure, wato zaman da manya ke yi gaban malami ana bin littafi layi-layi ana fassarawa, shi kansa majalisa ce da ake gaisawa a ji lafiyar juna. Garin ma da aka san shi da suna Abuja kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan a 1976, aka kira shi Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, ya haifi Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, masu riƙe da hidimar jama'a waɗanda duk da haka suka rubuta tarihin masarautar. Abin da ke cinye lokaci a yau ya fi kama da zaurukan WhatsApp, inda sa'o'in da ake ɓatawa cikin mota, masu isar a gama babi guda, ke ƙarewa a tura saƙon da wani ya riga ya turo jiya.